Tsutsar da Ba Ta Fita da Kanta

Ƙannena maza da mata, musamman ku da kuke makarantun koyon aikin lafiya, da ku masu karatun kimiyyar halittu a jami'a, da 'yan sakandare da kuke burin sanya farar riga wata rana, ku ba ni aron hankalinku a kan wata tsutsa da ba a cika ambatonta a aji ba. Kun san macijin ciki, kun san tsargiya, iyayenku sun ba ku labarin kurkunu. Wannan kuwa siririya ce ƙwarai, tsawon uwar bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, 'ya'yanta kuma ido ba ya ganinsu sai an sa madubin likita. Masana suna kiranta Strongyloides stercoralis, mu kuma a nan za mu ce mata tsutsar zare. Na zaɓe ta ne don ta daɗe tana kashe mutane ba tare da an rubuta sunanta a takardar mutuwarsu ba, kuma abin da ake bukata don a kama ta bai fi ƙarfinku ba.

A shekarar 1876 sojojin Faransa suna dawowa gida daga kudancin ƙasar da yau ake kira Biyetnam, da yawansu ɗauke da wata gudawa mai ramar da mutum har ta kai shi kushewa. A asibitin sojan ruwa na birnin Tulon akwai wani likita, Louis Normand, wanda ya yi abin da mutane da yawa suke ƙyama: ya ɗebi bahayan marasa lafiyar ya duba a madubi. Sai ya ga wasu 'yan tsutsotsi suna mutsu-mutsu, irin waɗanda ba a taɓa rubuta labarinsu ba. Abokin aikinsa, Bavay, ya siffanta su ya sa musu suna. Da aka buɗe gawar wasu daga cikin sojojin, aka tarar da wata tsutsa a hanjinsu wadda kamanninta suka bambanta da na farko, Bavay ya zaci wani jinsi ne dabam, ya ba ta nata sunan. Sai a 1883 wani Bajamushe, Rudolf Leuckart, ya nuna cewa halitta ɗaya ce mai rayuwa iri biyu, ɗaya a cikin hanji, ɗaya a cikin ƙasa. Ta ina take shiga jiki kuma? Wannan ma sai da aka jira. Arthur Looss, wanda yake aiki a Alƙahira, ya ɗora 'ya'yan tsutsar a kan fatarsa da gangan, bayan kwana 64 ya same su a bahayansa. A 1914 Friedrich Fülleborn, yana gwaji da karnuka a Jamus, ya bi sawun tafiyarta a cikin jiki. Kusan shekara arba'in ke nan daga ganin farko zuwa fahimtar hanyarta, kuma ba mutum ɗaya ne ya yi aikin ba. Wani ya gani, wani ya yi kuskure, wani ya gyara, wani ya sa jikinsa a gwaji.

Yanzu ga yadda rayuwarta take, ku bi ni a hankali, don duk haɗarin a nan yake.

Mai ɗauke da ita ya yi bahaya a fili, a wuri mai laima da inuwa. 'Ya'yan da suka fito suna da hanya biyu. Ko dai su girma su zama maza da mata a cikin ƙasar, su hayayyafa sau ɗaya, ko kuma su rikiɗe kai tsaye su zama masu neman mutum. Waɗannan masu neman mutum ba sa cin komai. Tsawonsu kamar rabin milimita ne, aikinsu kawai jiran fata. Kuma ba jiran makanta suke yi ba. A 2007 masu bincike a Amurka sun gano cewa akwai wani sinadari a fatar mutum da yake jawo su, kuma ya fi yawa a tafin ƙafa fiye da sauran jiki. Daga baya ɗakin binciken Elissa Hallem a Kalifoniya ya nuna yadda suke bin ɗumi, suna nufar wurin da zafinsa ya kusa da na jikin ɗan Adam. Wanda ya tsaya ba takalmi a ƙasa mai laima, ƙafarsa da kanta take kiransu.

Idan suka huda fata sai su bi jini zuwa huhu, su hau maƙogwaro, a haɗiye su da yawu ba a sani ba, su sauka a farkon ƙaramin hanji. A can suke zama mata zalla, ba namiji ko ɗaya, su nutse cikin bangon hanjin suna yin ƙwai ba tare da barbara ba. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa tun a cikin hanji. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa: abin da yake fita a bahaya 'ya'ya ne masu motsi, ba ƙwai ba.

Macijin ciki da mafi yawan tsutsotsin da kuka sani ba sa iya ƙaruwa a cikin mutum. Guda nawa ka kwasa, su ke nan, in suka tsufa su mutu, in ba ka sake kwasa ba ka rabu da su cikin shekara ɗaya ko 'yan shekaru. Tsutsar zare ba haka take ba. Wasu daga cikin 'ya'yanta ba sa jiran fita waje. Tun suna cikin babban hanji suke rikiɗewa, su huda bangon hanjin ko fatar da ke gefen dubura, su sake zagayen daga farko, su zama sababbin iyaye. Uwa ta mutu, 'ya ta gaje ta, jika ta gaji 'ya, duk a cikin mutum ɗaya wanda watakila sau ɗaya tak ya taka gurɓatacciyar ƙasa a rayuwarsa. Garkuwar jiki ba ta iya korarta, sai dai ta taƙaita yawanta. Haka za su zauna, mutum da tsutsarsa, shekara da shekaru.

Shaidar da ta fi ratsa ni a kan wannan ita ce ta tsofaffin sojojin Ingila. A Yaƙin Duniya na Biyu, Japan ta tilasta wa fursunonin yaƙi da ɗimbin ma'aikatan Asiya gina layin dogo tsakanin Tailan da Bama, a 1942 da 1943, cikin daji da taɓo, mafi yawansu ba takalmi. Sojojin Ingila da suka tsira suka koma gida, inda sanyi da tsabtar masai ba sa barin tsutsar ta yaɗu. Sama da shekara talatin bayan haka, likitoci biyu a makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool, Geoff Gill da Dion Bell, suka riƙa duba waɗannan dattawa, suka tarar da yawansu har lokacin suna ɗauke da ita. Sun buga bayaninsu a 1979. A wani wurin ma an samu wanda ya riƙe ta fiye da shekara 60. Da yawa daga cikin dattawan sun yi ta kai kukan wani ƙurji mai ƙaiƙayi da yake fitowa a ɗuwawu ko cinya ko ciki, ja, a lanƙwashe, yana tafiya santimita da dama cikin awa guda, ya ɓace, ya dawo bayan makonni. Ɗan tsutsa ne yake tafiya a ƙarƙashin fata. Shekaru suka yi ba a gano abin da yake damunsu ba.

Ga nasihata ta farko, ku masu shirin zama likitoci da ma'aikatan jinya. Ku koyi tambayar mara lafiya tarihin ƙafarsa. Ina ka taso? Ka yi noman fadama? Ka yi aikin lambu ko kwasar yashi? Ka zauna kurmi, ko Kamaru, ko zangon Kumasi? Alhajin da yake zaune a gidan sama yau, shekara arba'in da suka wuce yaro ne mai yawo ba takalmi a bayan gari, kuma tsutsar ba ta san ya yi arziki ba. Alamominta a mafi yawan mutane ba su taka kara sun karya ba: ciwon ciki a saman cibiya da ake ce wa olsa, gudawa mai zuwa ta tafi, kumburin ciki, borin jini, tari jefi-jefi. Wasu ma ba sa jin komai. Sau da yawa abin da zai tona ta shi ne gwajin jini ya nuna wani rukunin fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake kira iyosinofil, sun yi yawa. In kun ga haka a takardar gwaji, kada ku wuce shi.

To, in abin bai wuce wannan ba, me ya sa nake tayar muku da hankali? Saboda zaman lafiyar da ke tsakanin mutum da tsutsar yana rushewa ranar da garkuwar jiki ta yi rauni, kuma babban mai rushe shi magani ne da ke cikin kowane kemis a unguwanninmu: deksametason da firedinisolon da danginsu, waɗanda ake kira sitiroyid. Magunguna ne masu ceton rai in an ba da su a inda ya dace, ga mai ciwon asma da ya tasa, ga mai wasu cututtukan ƙoda, ga mai kansa, ga wanda aka yi wa dashen ƙoda. Amma suna kwantar da ainihin ɓangaren garkuwar da yake tsare tsutsar zare. Da zarar ya kwanta, 'ya'yan da a da 'yan kaɗan ne suke komawa jiki sai su zama dubbai. Su cika huhu, mutum ya kama tari da haki, wani lokaci da jini. Su yi wa hanji kaca-kaca. Mafi muni, suna fitowa daga hanji ɗauke da ƙwayoyin bakteriyar kashi, su zuba su cikin jini, har su kai su ga rufin ƙwaƙwalwa su haddasa sanƙarau. Idan ta kai nan, fiye da rabin waɗanda abin ya sama ba sa tashi. Kuma ga inda abin yake da ban tausayi: hakin da tsutsar ta kawo yana kama da asma, sai a ƙara wa mara lafiya sitiroyid ɗin da ya jawo masa bala'in. Ƙwayoyin jinin nan da za su tona asirin kuma maganin ya riga ya danne su. Ba sai an daɗe ana sha ba. An ga waɗanda shan 'yan kwanaki ya tayar musu da ita.

Da annobar korona ta zo, a Yunin 2020 wani babban gwaji a Ingila ya tabbatar cewa deksametason yana rage mutuwar waɗanda numfashinsu ya yi tsanani. Duniya ta rungume shi, kuma da gaskiyarta. Ba a jima ba aka fara samun rahoton marasa lafiya da tsutsar zare ta tasar musu, har a Disambar wannan shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kai. Masu bincike sun kuma lura da wani abu tun kafin nan: an zaci cutar ƙanjamau za ta kawo ambaliyar irin wannan tashin tsutsa, amma ba ta kawo yadda aka zata ba. Wata ƙwayar cuta dabam, HTLV-1, wadda ta yi yawa a kudancin Japan da tsakiyar Ostireliya da sassan Afirka, ita ce ta fi buɗe mata ƙofa. Raunin garkuwa iri-iri ne, kuma sai da aka ƙirga aka san wanne ne ya fi haɗari.

A nan ina magana da ku, ƙannena mata, da duk wanda yake sayen haɗin ciwon jiki a kemis ba tare da tambayar abin da ke ciki ba. Ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da yawansu deksametason ne. Kumburin fuska da yake kawowa ba lafiya ba ce. Kun ji ana faɗin hawan jini da ciwon suga da lalacewar ƙashi da yake jawowa. Ku ƙara da wannan. Yarinyar da ta taso tana taka ƙasar bayan gida ba takalmi, tana iya ɗauke da tsutsar ba ta sani ba, kuma kowace ƙwaya da ta haɗiya don ta yi kyau ranar biki tana kwance wa tsutsar ɗaurinta ne. Wallahi ba ƙibar da ta kai wannan farashi. Wadda ta riga ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke rana ɗaya, don yankewa farat ɗaya ma yana da nasa haɗarin. Ta je asibiti ta faɗi gaskiyar abin da take sha, a rage mata a hankali.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi damuna, wanda kuma ya fi shafar ku masu karatun gwaje-gwaje. Shekaru masu yawa littattafai suna maimaita cewa mutum miliyan 30 zuwa 100 ne suke ɗauke da tsutsar zare a duniya. Wannan ya kwafa daga wancan, wancan ya kwafa daga na gabansa. A 2020 Dora Buonfrate da abokan aikinta a Italiya suka sake lissafin, suka yi la'akari da raunin hanyoyin gwajin da aka yi amfani da su a baya, suka fitar da kimanin miliyan 614, wato kusan mutum 8 cikin kowane 100 na mutanen duniya. Tsutsar ba ƙaruwa ta yi ba. Tana nan tun da can, neman ne bai dace da ita ba.

Ga dalili. Hanyar da aka fi amfani da ita wajen binciken tsutsar ciki a makarantun firamare, wadda ake kira Kato-Katz, an tsara ta ne don ƙirga ƙwai. Tana da kyau ga macijin ciki da tsargiyar hanji. Amma na ce muku tsutsar zare ba ta fitar da ƙwai, 'ya'ya take fitarwa, kuma wannan hanya ba ta nuna su. Kamar mai tankaɗe ne da rariyar da idonta ya yi faɗi, ya duba bai ga tsaki ba, ya ce garin ba shi da tsaki. Ko duban bahaya na yau da kullum da ake yi a ɗakin gwaji, a ɗiga ruwan gishiri a ɗora gilashi, ba ya kama ko kashi ɗaya cikin uku na masu ɗauke da ita a gwaji guda, saboda 'ya'yan kaɗan ne kuma ba kullum suke fita ba. Sai a rubuta wa mara lafiya cewa ba a ga komai ba, likita ya karanta cewa babu komai. Tsakanin waɗannan maganganu biyu mutane suke salwanta. Haka kuma maganin da ake rabawa yara a makarantu, albendazol ko mebendazol ƙwaya ɗaya, ba ya yi mata wani abin kirki. Ba a ƙirga ta ba, ba a kuma yi mata magani ba.

Hanyar da take kama ta kuwa ta girmi kakanninku. A 1917 wani likita, Baermann, yana aiki a tsibiran da yau suke Indonesiya, ya tsara ta don fitar da 'ya'yan tsutsa daga ƙasa. Mazurari ne, da guntun tiyo a gindinsa an matse bakinsa, da 'yar rariya, da bandeji. Ka cika mazurarin da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ka ɗora bahaya mai ɗan yawa a kan bandejin yadda zai taɓa ruwan, ka bar shi awa biyu ko fiye. 'Ya'yan tsutsar, da yake masu bin ɗumi da laima ne, za su fito da kansu su shiga ruwan su nutse zuwa gindi. Ka buɗe tiyon ka tari ruwan ƙasan, ka juya shi a na'ura in akwai, ka duba a madubi. Sharaɗinta shi ne bahayan ya zama sabo, ba a sa shi a firji ba, ba a zuba masa maganin adanawa ba, don matacciyar tsutsa ba ta iyo. A wajajen 1990 masu bincike a Japan suka ƙara wata hanyar: a ɗora bahaya a tsakiyar farantin renon ƙwayoyin cuta, a rufe, a bar shi kwana biyu ko fiye, 'ya'yan suna rarrafe suna jan bakteriya, sai sawunsu ya fito a kan farantin, ana ganinsa. Wanda zai yi wannan ya naɗe bakin farantin da kyau, ya sa safar hannu, don abin da ke ciki yana huda fata. Sai kuma ido ya ƙware wajen rarrabe su da 'ya'yan tsutsar ƙugiya mai shan jini, waɗanda suke kama da su: na tsutsar zare ramin bakinsu gajere ne tun suna ƙanana, in sun kai matakin huda fata kuma ƙarshen wutsiyarsu yana da 'yar tsaga. A maimaita gwajin a ranaku dabam-dabam, don kowane ƙari yana ƙara kamawa.

Akwai gwajin jini mai neman alamar da garkuwa ta bari, akwai kuma na ƙwayoyin gado, kuma suna da amfani. Amma na jini yana iya ruɗewa da wasu tsutsotsin, musamman a yankunan da ake da tundurmi, na ƙwayoyin gado kuma yana son kuɗi da wutar da ba ta ɗaukewa. Na san ɗalibai da yawa suna ganin bincike bai cika bincike ba sai da na'ura mai tsada, suna kuma ganin aikin bahaya ƙasƙanci ne da za a bar wa na ƙasa. Ban yarda ba. Wanda ya iya mazurarin nan da kyau, ya yi haƙurin zama gaban madubi, zai samo wa garinsu amsar da babu wanda ya taɓa samowa.

Maganin kansa yana da labari mai daɗi. A farkon shekarun 1970 Satoshi Omura, masani a cibiyar Kitasato ta Japan, yana yawo da 'yan jakunkuna yana ɗibar ƙasa duk inda ya je. Daga ƙasar da ya ɗebo kusa da wani filin wasan golf aka ware wata bakteriya, aka aika kamfanin Merck a Amurka, inda William Campbell da abokan aikinsa suka gano tana fitar da sinadari mai kashe tsutsa. Daga shi aka yi ibamektin. Ya fara fita a 1981 a matsayin maganin dabbobi, a 1987 kamfanin ya fara ba da shi kyauta da sunan Mectizan don yaƙi da makantar bakin kogi, a 2015 kuma mutanen biyu suka sami kyautar Nobel. Shi ne maganin tsutsar zare mafi inganci, ana auna shi da nauyin mutum, maikurogiram 200 ga kowane kilo. Wani gwaji da aka buga a 2019 ya nuna cewa ga mai lafiyayyar garkuwa, sha ɗaya ya yi daidai da sha huɗu. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idarta ta farko a kan wannan cuta: inda aka tarar yara 'yan makaranta 5 cikin 100 ko fiye suna ɗauke da ita, a riƙa raba wa al'umma ibamektin sau ɗaya a shekara, daga ɗan shekara 5 zuwa sama. Ku lura da sharaɗin. Sai an tarar. Garin da ba a auna ba ba zai shiga lissafi ba.

Kada jin wannan ya sa wani ya ruga kemis. Ba a ba mai ciki, ba a ba ƙaramin yaro da bai kai kilo 15 ba, kuma na dabbobi ba na mutane ba ne. Akwai wata tsutsar jini da ake kira Loa loa, mai ratsa farin ido, wadda take a dazuzzukan Kamaru da kudancin Najeriya da tsakiyar Afirka. Wanda take da yawa a jininsa, ibamektin yana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har ya halaka. 'Yan'uwanmu fatake da direbobi da suka yi shekaru a kurmi, dole a yi musu wannan tambaya kafin a ba su.

Ga kuma aikin da yake jiranku a gida. An yi shekaru ana raba Mectizan ƙauye-ƙauye a yankunanmu saboda makanta da tundurmi, kuma mafi yawan waɗanda suka sha sun kashe tsutsar zarensu ba da niyya ba. A Ekwado an gwada an gani: inda aka daɗe ana rabawa, tsutsar ta ragu ƙwarai a kan inda ba a raba ba. Yanzu an fara cin nasara. Jihohin Filato da Nasarawa sun daina rabon saboda makanta a 2018, a Janairun 2025 kuma aka tabbatar wa Nijar cewa ita ce ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da makantar bakin kogi. Abin murna ne. Amma yaran da aka haifa bayan an daina rabon fa, yaya cikinsu yake? Ƙasarmu busasshiya ce mafi yawan shekara, 'ya'yan tsutsar kuma ba sa jure bushewa, don haka ba ko'ina za a same ta daidai ba. A auna masu noman rani da ke tsaye cikin laka a Kadawa da fadamun Haɗeja, a kwatanta da masu noman tudu. A auna damina, a auna bazara. A duba almajirai da masu wanki a bakin rafi da masu kwasar shadda. A Kambodiya an gano cewa karnuka suna ɗauke da wani reshe na tsutsar iri ɗaya da na mutanen gidan. Mafarautanmu da karnukansu tambaya ce a buɗe. Ga kuma batun masai: a 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jihar farko a Najeriya da ta bar bahaya a fili. Masai shi ne abin da yake yanke zagayen tun daga tushe, kuma mai mazurari zai iya nuna ko ya yanke. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta isa kundin kammala digiri, ta kuma fi maimaita taken da ɗalibai goma suka riga suka yi.

In za ku yi, ku yi da amana. Abin da kuka gani shi za ku rubuta, ko da sifili ne, ku kuma faɗi hanyar da kuka bi da yawan samfurin da kuka duba, don mai karatu ya san nauyin sifilin. Lambar da aka ƙaga a ɗakin kwana tana iya shiga lissafin da za a yanke hukunci da shi, a hana wani gari magani. Ku shiga gari ta ƙofarsa: ku gaida mai unguwa, ku sami izinin kwamitin da ke kula da ɗa'ar bincike, ku yi wa iyaye bayani da Hausar da za su gane, ku bar wanda ya ce a'a. Bahaya abin kunya ne a wurin mutanenmu, wanda ya miƙo muku nasa a roba ya ba ku amanarsa, kada a ji sakamakonsa a bakin kowa. Kada kuma ku kwashi samfuri ku ɓace. Ku koma ku faɗa wa kowa abin da aka gani, ku nuna wa manomin dalilin dogon takalmin roba a fadama da dalilin silifa a ƙofar masai. Duk wanda aka sami tsutsar a jikinsa ku haɗa shi da ma'aikacin asibitin garin, a tambaye shi ko ya zauna kurmi, a tambayi mace ko tana da ciki, a auna nauyinsa, ya sha maganin a gabanku. Bayan mako uku ko huɗu ku dawo da mazurarinku ku sake dubawa.